Tafiyata Filadelfiya da Hannun Gidanmu

Tun da na dawo, duk inda na zauna sai an ce, "Tisha, yaya Amurka?" A ofishin malamai an tambaya, a bakin majami'a an tambaya, har mai gyaran babur ɗina ya ajiye sifana ya ce ba zai taɓa komai ba sai na ba shi labari. Nakan ce lafiya lau, sai in ga ba su gamsu ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta gaba ɗaya. Sai dai ina roƙon afuwa tun farko: ban yi tafiyar nan da kwanciyar hankali ba, kuma wanda hankalinsa ya rabu biyu ba ya riƙe abu daidai. Wataƙila na sa abin da ya faru Talata a Laraba, ko na sa maganar wani a bakin wani. Sunan ƙauyenmu kuma ba zan rubuta ba, za ku ga dalili.

Ni malamin tarihi ne a wata sakandare a Kafanchan. Mu biyu aka ɗauka daga nan domin wani ɗan gajeren kwas da ake shirya wa malaman tarihi na ƙasashe daban-daban a birnin Filadelfiya: ni da Madam Nkechi, mataimakiyar shugabar wata makarantar 'yan mata. Mahaifinta ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya zo daga kudu maso gabas. A Kafanchan ta tashi, kuma Hausar bakinta ta fi tawa gudu.

Kafin tafiya na je ƙauye yin sallama. Ƙauyenmu yana can wajen Kauru, inda mota ke tsayawa babur ya ci gaba. Damina biyu ke nan mutanen da ke zaune a daji da bindigogi suna aiko mana da saƙo iri ɗaya: kowane gida ya ba da mutum ya je ya yi musu noma a gonakin da suka share a can ciki, in ana so a bar mu mu yi namu. Yayana Ayuba ne ke zuwa a madadin gidanmu, domin tun rasuwar Baba shi ne mai gida. Bara ya dawo da kumburi a kafaɗa, bai gaya wa kowa abin da ya faru ba. Bana sai dattawa suka ce za a zauna wata Lahadi bayan sujada a yanke shawara: a ci gaba da zuwa, ko a aika musu cewa an daina. Gidan da ya ɗaga hannu, a daina yake nufi.

Mu a wurinmu ba kai-kai ake ƙidaya ba, gida-gida ne. Ana kiran gidaje daga saman gari zuwa ƙasa, mai gida ya ɗaga hannu ko ya bar shi a cinya. Kafin ya ɗaga dole bakin mazan gidan ya zama ɗaya, ko da wani yana Legas sai an tambaye shi. In sun saɓa, gidan ba shi da hannu a ranar. Gidanmu ne na farko a saman gari, a bakin hanyar daji, saboda haka mu ake fara kira, kuma yawanci yadda gidajen farko suka yi haka na baya suke bi. Kowa ya sani, ko da ba a faɗa, duk abin da aka yi a taro yakan isa daji kafin rana ta faɗi, har da sunan wanda ya fara ɗaga hannu. Mazan gidanmu biyu ne: Ayuba da ni.

Na same shi yana wasa fartanya a kan dutse.

"Tisha, me ka ce? Ni dai ka san nawa. Na gaji."

Na ce al'amarin yana buƙatar nazari, akwai ta nan, akwai ta can.

"Kai da nazari! Tun kana firamare, in Mama ya ce shinkafa ko gwate, sai abinci ya yi sanyi ba ka zaɓa ba. To ka je Amurka ka yi nazarin. Ina jiran ka a waya kafin ranan."

Da wannan na tafi, kuma da shi na yi ta yawo a duk inda za ku ji na shiga.

Mun tashi daga tashar Kafanchan da safe, ta Kwoi zuwa Keffi. Mama ta cusa mini busasshiyar citta da ƙullin acca da daddawa a jaka, ta ce ta san sunan garin daga wa'azi amma ba ta yarda da abincinsu ba. Bayan mun wuce Kwoi da ɗan nisa direba ya rage gudu, ya gangara gefe, ya kashe mota. Ba wanda ya tambaye shi dalili, domin duk mun lura an daɗe ba mu haɗu da mota ko ɗaya daga gaba ba. A hanyoyinmu in gaba ta yi shiru haka, ba a shiga. Muka zauna, ba mai ko tari. Wata mata ta zare 'yan kunnenta ta tura cikin ɗankwali. Ni kuwa abin da ya zo mini shi ne, in aka kwashe mu aka ga bizar Amurka a aljihuna, za a ɗauka wani babban mutum aka kama. Na zare fasfo a hankali na tura cikin safa. Can sai ga wata motar itace tana tafe, direbanta ya leƙo ya ce tirela ce ta faɗi ta tare hanya, an fara janye ta.

"To Tisha, fito da Amurka daga cikin safa kafin ya yi wari," in ji Madam Nkechi. Ashe tana kallona.

Game da jirgi ba ni da abin faɗa mai yawa. Mun canza wani a hanya, na yi ta duba takarduna har Madam ta ce in na sake buɗe jakar nan za ta karɓe ta. Duk lokacin da jirgin ya girgiza nakan dubi fuskar ma'aikatan, in na ga suna ci gaba da raba shayi sai in saki hannun kujera.

A filin jirgin Filadelfiya jami'in ya tambayi abin da ya kawo ni, na nuna masa takardun gayyata. Sai ya tambaya ko na shigo da abinci, ko kuma na shiga gona ko wurin dabbobi kwanan nan. Madam Nkechi a layin gefe ta ce a'a ta wuce, da gaskiyarta kuwa. Ni na ce e, kuma don kada in rage wani abu ya zama laifi daga baya, na kawo gonar yayana, na kawo awakin Mama, har da aladun maƙwabcinmu da ke shigowa ta ɓarakar shinge. Mutumin ya dube ni, ya kira wata jami'a, aka kai ni wani ɗaki. A raina na ce shi ke nan, jirgin da ya kawo ni zai mayar da ni. Da ta kwance ƙullin daddawa sai ta ja da baya, ta tambaya ko wani abu ne ya lalace. Na ce a'a, haka ya kamata ya kasance. In ban manta ba sun bar mini citta da daddawa, suka riƙe acca, wai iri ce da za ta iya tsirowa. Sannan ta ce in tuɓe takalma. Na zauna da safa a kan benci ina kallo ta wanke su da burushi da ruwan magani, jar ƙasar gonarmu tana bin rariya. Ta miƙo mini su, ta yi mini barka da zuwa da fara'a. Na fito na tarar da Madam tana zaune a kan akwatinta, ta ce, "Aladun maƙwabci! Wa ya tambaye ka aladun maƙwabci?"

An sauke mu a ɗakunan kwanan ɗalibai na wata jami'a. Waje zafi kamar Kafanchan a watan Maris, ciki kuwa sanyin na'ura har sai na sa rigar sanyi. Abokin ɗakina wani ƙaton Ba'amurke ne mai suna Tom, malamin makaranta daga wata jihar manoma, mai yawan dariya. Abinci akwai shi da yawa amma rabinsa sanyi ƙarara, ganye ɗanye da nama mai sanyi a cikin burodi. Tom ya kai ni na ci wani dogon burodi da aka cika da yankakken nama da narkakken cuku, wanda garin ke alfahari da shi. Da daɗi, sai dai ba yaji ko kaɗan, kuma rabi ya ishe ni. Mutanensu suna yi wa baƙo murmushi amma ba sa tsayawa gaisuwa. Ka ce wa mutum ina kwana, kafin ka tambayi iyali ya yi nisa. Shugabar kwas ɗinmu tsohuwa ce da ta girmi Mama, ta ce kowa ya kira ta Helen kawai. Bakina ya ƙi. Na koma ce mata Mama Helen, ta yi dariya ta amince.

Mun iso ana shirin bikin 'yancin ƙasarsu, ba kuma wanda ya gargaɗe ni cewa tun kafin ranar yara ke fara wasan wuta a unguwanni. Wata yamma, rana ba ta gama faɗuwa ba, ina zaune ina karatu sai na ji ta-ta-ta daga bayan ginin, sannan wata babbar ƙara. Ban san lokacin da na kashe fitila na kwanta a ƙasa tsakanin gado da bango ba. Haka Tom ya shigo ya same ni. Ya fara dariya, da ya ga fuskata sai ya daina. Bai ce in tashi ba. Ya zauna a ƙasa kusa da ni da duk girmansa, ya ce wasan yara ne, amma zai zauna har ya wuce. A nan na ba shi labarin ƙauyenmu. Ya tambaya me ya sa ba mu kira 'yan sanda ba. Na duba yadda zan yi masa bayani, na ga hanyar tana da tsawo, sai na ce muna kira.

Ranar da aka kai mu tsohon ginin majalisarsu, abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar ɗakin. Gini ne na jan bulo, ɗakin kuma bai kai majami'armu ta Kafanchan ba: tebura da koren mayafi, kujerun katako, da shinge da ke tsayar da masu ziyara. Na daɗe ina koya wa ɗalibai cewa Amurka ta ayyana 'yancinta ranar huɗu ga Yuli 1776, kamar dai mutanen sun tashi da safe ne baki ɗaya suka sa hannu suna murna. Abin da Mama Helen ta bayyana mana ya bambanta, kuma zan faɗe shi gwargwadon yadda na riƙe.

Yankuna goma sha uku ne a ƙarƙashin sarkin Ingila, kowanne ya aiko da wakilai. Amma ba kai-kai suke ƙidaya ba. Kowane yanki ƙuri'a ɗaya gare shi, komai yawan wakilansa. Wakilan su daidaita a tsakaninsu, in sun rabu daidai wa daida yankin ba shi da ƙuri'a. Kuma kiran sunan yankunan ake yi daga arewa zuwa kudu. Da na ji haka sai na kama shingen nan da hannu biyu. Wakilan sun yi alkawarin rufe bakinsu a kan abin da ake faɗa a ciki, domin a dokar sarki abin da suke shiryawa cin amana ne, hukuncinsa rataya. A daidai lokacin kuma jiragen yaƙin sarki suna taruwa a bakin New York.

Ranar ɗaya ga Yuli aka gwada ƙuri'ar ɓallewa daga sarki. Yankuna tara suka ce e. Pennsylvania da Carolina ta Kudu suka ce a'a. Wakilan Delaware biyu da ke wurin suka rabu. Na New York suka ce mutanen gida ba su ba su izini ba, ba za su ce komai ba. Tara sun isa rinjaye, amma sun ji tsoron fita gaban sarki da baki biyu, sai aka ɗage zuwa washegari. Aka aika wa wakilin Delaware na uku, mutum marar lafiya, ya hau doki ya yi tafiya cikin ruwa da tsawa ya iso ya ce e. Carolina ta Kudu ta sauya don kada a rabu. A Pennsylvania kuwa, biyu daga cikin masu cewa a'a ba su zauna a kujerunsu ba a ranar, sai masu cewa e suka rinjaya da mutum ɗaya. Ranar biyu ga wata yankuna goma sha biyu suka ce e, New York ta yi shiru, sai bayan kamar mako ɗaya izini ya zo daga gida. Ranar huɗu kalmomin sanarwar aka amince da su. Sa hannu sai a watan Agusta, kuma ba a buga sunayen waɗanda suka sa hannun ba sai da shekara ta juya. Wannan na ƙarshe ba sai an yi mini bayaninsa ba.

Washegari a aji Mama Helen ta ce za mu maimaita zaman. Ta raba mu yanki-yanki, ta ba kowa matsayin wani wakili, ta ce a yi muhawara da gaske, kuma kowa ya kaɗa ƙuri'a bisa abin da ya gamsar da shi, kada ya bi abin da tarihi ya ce. Ni aka ba ni wani lauya na Pennsylvania, wanda shi ne ya yi doguwar magana ranar ɗaya ga wata cewa lokaci bai yi ba. Madam Nkechi ta ce ko da addu'a aka zaɓa ba za a dace haka ba.

Waɗanda suka riga ni sun yi maganar 'yanci da murya mai ƙarfi, ana tafi ana dariya. Da aka zo kaina na miƙe. Na fara da hujjojin lauyan kamar yadda aka ba ni: ba mu da ƙawaye tukuna, ba mu gama haɗa kanmu ba. Daga nan ban san yadda aka yi ba, na daina ganin ajin. Na tambaye su wa zai zo in an kira. Na tambaye su gidan wa ke bakin hanya, domin ba mai jawabi ake fara tararwa ba, mai gidan farko ake tararwa. Na ce ɗaga hannu minti ɗaya ne, amma tsohuwar da ba ta iya gudu ba ita za ta biya. Na ce wanda ke shan wulaƙanci yana da rai, kuma mai rai yana iya jiran shekara mai zuwa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Da na zauna ba wanda ya tafa.

Aka fara kiran yankuna daga arewa. Wata malama daga Kudancin Amurka ta ce a'a tana share ido. Wani daga gabashin Afirka ya ce a'a. Tom, wanda aka ba shi ɗaya daga cikin masu zafin neman 'yanci, ya dube ni ya ce a'a. Madam Nkechi ma haka. Ban riƙe adadin ba, amma masu a'a sun rinjaya. Mama Helen ta cire tabarau ta ce shekara da shekaru tana wannan darasi, ba a taɓa hana ƙasarta 'yanci ba sai yau. Aka yi dariya, aka yi ta dafa kafaɗata. Ni kuwa wani sanyi na ji a raina. Na ce to, ga amsar da zan ba Ayuba, tunda har Amurkawa sun yarda da ita.

A wurin cin abinci Madam Nkechi ta ajiye farantinta a gabana.

"Tisha, yau ka yi magana kamar babana. Lokacin da mutanenmu suka ce sun ɓalle, haka ya yi ta faɗa, ba a shirya ba, ba a shirya ba. Kuma abin da ya ji tsoro ya faru. 'Yan'uwansa biyu ba su dawo ba. Shi ya sa na bi ka."

Na ce na gode.

"Kada ka gode tukuna. Babana a can ya faɗa, da ƙafansa a ƙasan, yunwan da kowa ya sha ya sha. Kai daga ina za ka faɗa naka? Daga ɗaki mai esi, kana shan sanyi? In ka ce a'a, wa zai ɗauki fartanya ya koma daji, kai ko Ayuba?"

Na tashi na bar abincin, na je na sami Mama Helen tana tattara takardu, na tambaye ta yadda lauyan nan ya ƙare. Ta ce yana cikin biyun da ba su zauna a kujerunsu ba ranar ƙuri'a. Bai canza ra'ayi ba, bai kuma sa hannu a sanarwar ba. Ya dai janye kansa don kada a'a ɗinsa ta tare wa sauran hanya. Bayan 'yan kwanaki kuma ya fita da mayaƙan sa-kai na yankinsa zuwa inda ake jiran sojojin sarki. Na tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce wannan kam a rubuce yake.

Ranar Asabar da rana na kira gida, lokacin yamma ce a can. A ƙauyenmu sai an hau dutsen bayan firamare ake samun layi, na kuma ji iska tana kaɗawa a wayar.

"Tisha! Ka gama nazarin? Gobe ne fa."

"Na gama, Yaya. A ganina lokaci bai yi ba. Ba mu da kowa. In suka zo, kafin taimako ya iso an gama. Ga Mama, ga yara."

"To ka ce a'a ke nan."

Na sauya wayar zuwa ɗaya kunnen, shi kuma ya ci gaba.

"Ka faɗa mana. In a'a ne, gobe in an kira gidan Baba zan bar hannu a ƙafa, ba zan yi ƙarya a gaban Ubangiji ba. In gidan farko ya yi shiru ka san sauran. Jibi in ɗauki fartanya in koma." Ya ja numfashi. "Ka san abin da na yi bara suka buge ni? Na tsaya shan ruwa. Shi ke nan. Ni da furfura a gemu."

Ina tsaye a gindin wata bishiya a harabar jami'ar, ɗalibai suna wucewa da kekuna. Kalma ɗaya ce tsakanina da tsare yayana daga zama hannun farko, kuma kalmar da na yarda da ita ce. Sai na ce:

"Yaya, ba zan ce e ba, domin ban yarda ba, kuma har yanzu tsoro nake ji. Amma ban ce a'a ba. Gobe in dattawa sun tambaya, ka ce ƙanenka ya ce a lissafa shi ba ya nan. Namiji ɗaya ne a gidan Baba gobe."

"Wannan kuma wane irin magana ne? A Amurka ka koyo?"

"A nan na koyo. Kuma da na sauka zan taho gida, in zauna har a koma makaranta."

"Kai? Ka kwana a saman gari?" Ya yi dariya har da tari. "To Allah ya kawo ka. Ka zo da takalmin gudu."

Layin ya yanke kafin in ce ya gaishe da Mama.

Lahadin nan ita ce rana mafi tsawo a tafiyar. Lokacin da ake tashi daga sujada a gida, gari bai daɗe da wayewa ba a Filadelfiya. Madam Nkechi ta ja ni wata majami'a ta baƙaƙen fata, inda waƙa ta yi kama da ta zumuntar matanmu, amma ban ji wa'azin ba. Wayar tana hannuna, na yi ta kira ba ta shiga. Na tuna mutanen nan na ɗakin koren mayafi, na ce su ma da suka fito ranar ba su san yadda za ta ƙare ba. Mu ne muka sani, shi ya sa muke koyar da abin kamar mai sauƙi. Sai bayan mun fito Ayuba ya kira.

"An yi."

"An yi me?"

"An daina. Fasto ya yi addu'a, an aika."

"Hannu nawa? Wa ya bi ka?"

"Ba a waya ba, Tisha. Ka zo gida."

Sauran kwanakin kwas ɗin na yi su ne kamar mai zazzaɓi. An kai mu gidajen tarihi, an kai mu bakin kogi kallon wasan wuta, na tsaya kusa da Tom na daure. Ranar rabuwa ya rungume ni har ƙashina ya yi ƙara, ya ce in riƙa sanar da shi. Dawowa ba a tsayar da ni ko'ina ba. Na kwana ɗaya a Kafanchan, na ajiye akwati, na leƙa ofishin malamai da wurin mai gyaran babur, na hau motar Kauru.

A ƙauye nake rubuta wannan, a ɗakin Baba, wanda tagarsa ke kallon hanyar daji. Da safe muna noma gonarmu ni da Ayuba, tafin hannuna duk ya yi kanta, shi kuma yana ce mini Ba'amurke. Mama kuwa, tun bayan taron, na lura ta ɗaure 'yan kayanta a zane ɗaya ta ajiye a bayan ƙofa. Daga daji har yau ba amsa. Wasu sun ce sun tashi sun koma wani wuri. Wasu sun ce jira suke masara ta nuna. Ni ban sani ba, kuma ra'ayina bai canza ba, har yanzu ina ganin wataƙila an yi sauri. In kare ya yi haushi nakan ajiye alƙalami in saurara. Amma ina nan, kuma in an koma makaranta zan riƙa dawowa duk Juma'a har a kai amfanin gona rumbu.

Madam Nkechi, da sauran waɗanda muka yi kwas tare, in kun ga inda na kauce ko na ƙara gishiri, ku aiko mini in gyara, musamman a kan lissafin yankunan nan, domin ɗalibai za su karanta. Mutanen garinmu da suka zauna a taron Lahadi, ku ma in na yi kuskure a kan al'adarmu ku faɗa mini. Abu ɗaya kawai nake roƙo: jerin gidajen da suka ɗaga hannu bayan namu, kada wanda ya rubuto mini shi, kada kuma a faɗa a waya. Na gidanmu an riga an sani.